Tauraruwa Mai Goyo da Tabarau Biyar da Ba Mu Samo Ba

Ku yi haƙuri da ni, jama'a, zan ɗan ci muku lokaci. Ni ba mai rubutu ba ce, aikina goge gilashi ne da ɗaure noti, kuma na san kowa yana da abin da ke gabansa. Da zafin rashi ne kaɗai ya dame ni, da na yi kukana a ɗaki tsakanina da Ubangijina, ban wahalar da kowa ba. Amma akwai mutum biyar da nake nema ruwa a jallo, ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba ni kuma da hanyar kai musu saƙo sai ta hannunku. Don Allah ku daure ku karanta har ƙasa.

Ranar Alhamis, sha shida ga watan Janairu, ana shirin kiran la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda kuka fi sani da Mai Tabarau, mai shagon gwajin ido da ke ƙasan bene tsakanin mai gyaran agogo da kantin littattafai. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana goma sha ɗaya, yana da shekara sittin da takwas. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, jikoki bakwai, da ni ƙanwarsa, wadda ta yi shekara goma sha tara tana zama a kujerar da ke bayan tasa. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya.

Yaya, yau kwana talatin da uku ke nan. Har yanzu in na buɗe shago da safe, sai in ji bakina ya ɗauko gaisuwa kafin hankalina ya tuna mini babu mai amsawa. Rigar aikinka tana rataye a ƙusarta. Na cire ta sau biyu, na sake mayarwa.

Ba zan manta ranar da ka zo ɗaukata ba. Mijina ya rasu, na gama takaba, na zauna a ɗaki ba na son ganin kowa. Ka shigo ka tsaya a bakin ƙofa, ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka ce in yi haƙuri ba, don ka san an cika mini kunne da shi. Cewa ka yi, "Alƙaliya, tashi ki sa mayafi. Shago na neman mai tsantseni, duk waɗanda na ɗauka hannunsu ya fi idonsu sauri." Tun muna yara kake kirana da wannan suna, saboda in na fasa kofi ni nake kai ƙarar kaina wajen Inna tun ba a gani ba. Ka sha cewa da ni a kotu ya kamata a haife ni, aka yi kuskure aka haife ni a gidanmu. Na bi ka ranar ba don ina so ba. Daga baya na gane ba shagon ne ke neman mutum ba, ni ce ka ga ina neman abin da zai fitar da ni daga ɗaki.

Wanda ya taɓa shiga shagon ya san shi. Dogon ɗaki ne mara faɗi, da madubi a ƙurya, da allon gwaji mai haruffa manya a sama ƙanana a ƙasa, da wani allon mai zane kamar yatsu uku don wanda bai yi karatu ba, ya nuna da hannunsa inda suka fuskanta. Ga akwatin katako mai shimfiɗar koren yadi, gilasan gwaji a jere a ciki kamar haƙora. Ga dutsen wasa gilashi da ruwa ke ɗiga a kansa, ga na'urar da kake leƙawa da ido ɗaya ka karanta 'yan ƙananan lambobi, sannan ka ɗiga ɗigo uku a kan gilashin kafin a yanka. Kakan ce da ni duk sana'ar tana cikin ɗigon nan uku. In suka goce da faɗin gashi, mutum zai tafi gida da ciwon kai ya ɗora wa matarsa laifi.

Sai littafinka. Ba ka taɓa rubuta sunan kowa a ciki ba, balle lambar waya. Na yi maka magana har na gaji, kullum amsarka ɗaya ce: "Ni ba na riƙe suna, ido nake riƙewa." Sai ka rubuta, "Mai babur ja, ba ya gaisuwa." Ko, "Tsohuwa mai dariya da haƙori biyu." A ƙasa kuma ma'aunin idon mutum, dama da hagu, tsaf. Abin mamaki, in mutum ya dawo bayan shekara shida, ka dube shi sau ɗaya, sai ka buɗe shafinsa ba ka yi lalube ba.

Alherinka ba irin na tsayawa a taro ba ne, Yaya, na 'yan ƙananan abubuwa ne. Akwai gwangwanin noti da ke gefen tagar shago. Duk wanda ƙafar tabaraunsa ta saki, ko a ina ya saya, in ya miƙo za ka ɗaure masa, ka goge, ka ɗora masa a hanci da hannunka biyu, ka ce ya gai da gida. Na tuna wata dattijuwa da ta kawo ƙarfen tabaraun mijinta da ya rasu, ta ce a ciki take so a sa mata nata gilashin. Ya yi mata girma, ya karkace, ƙafa ɗaya an ɗaure da zare. Shago uku suka ce ta jefar. Kai ka karɓa, ka yi kwana biyu kana gasa shi kana lanƙwasawa a hankali har ya zauna a fuskarta. Da na ce maka da sabo aka ba ta da tuni an gama, ka dube ni ta saman gilashinka ka ce, "Ke ma kin san ba gani kaɗai ta zo nema ba." Ni ma a lokacin agogon mijina yana cikin jakata.

Amma abin da mutane suka fi tunawa da kai shi ne rufin bene. In aka yi sa'a mutum ya zo karɓar tabarau da yamma a watannin da taurarin nan bakwai masu siffar ludayi suke fitowa ta arewa da wuri, sai ka ce ya jira a yi magariba. In an idar, duhu ya ɗan zauna, ku hau sama ku tsaya bayan tankin ruwa, inda fitilun titi ba sa dukan ido. A hannun ludayin akwai taurari uku. Ta tsakiyar ita ce taka. Mai raunin ido ɗaya zai gani. Mai lafiyar ido zai ga wata 'yar ƙarama dushi-dushi manne a gefenta, kamar jariri a bayan uwa. Shi ya sa kake ce mata Mai Goyo. Malaminmu na allo ya taɓa gaya mana Larabawa suna kiran ƙaramar Suha, kuma tun zamanin da ake gwada kaifin ido da ita. Kai kuma ka ƙara mana da abin da ka karanta, cewa masana sun ce tare suke tafiya a sararin sama, kuma ita uwar ma in aka duba da madubin hangen nesa ba ɗaya ba ce. Na ce maka ni dai Wanda Ya rataye su ba igiya Shi nake wa tasbihi. Ka ce ai magana ɗaya muke yi, ke kin bi ta gajeriyar hanya.

Akwai wani magini, ya haura arba'in, wanda maigidan aikinsa ya turo saboda layin bulonsa yana karkacewa. Da ka gwada shi sai ka ajiye gilashin gwajin ka ce, "Malam, da wannan idon kake gina gidaje? Faɗa mini unguwar in daina bi ta can." Ranar da ya zo karɓa kuka hau sama, ni ma na bi ku.

Ka ce, "Bi hannun ludayin, ta tsakiya. Nawa ka gani?"

Ya ce, "Ɗaya, ita ma da ƙyar."

"To sa tabarau."

Ya sa. Ya daɗe yana kallon sama har na ɗauka bai gani ba. Can ya ce, "Biyu! Malam, yaushe aka ƙaro wannan?"

Ka ce, "Jiya da yamma. Saboda kai aka kawo ta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zauna a kan wani bulo ya rufe fuska da hularsa. Da ya buɗe sai ya ce, "Ashe haka kowa yake gani, ni kaɗai aka bari a baya." Ka zauna kusa da shi har aka kira isha'i.

Yanzu zan faɗi abin da mutane ba su sani ba game da tauraruwar nan, kuma a nan alƙalamina yake yi mini nauyi.

Ba don abokan ciniki kaɗai kake hawa rufin ba. Tsohon da ya koya maka sana'a ya ci gaba da yanka gilashi bayan idonsa ya tafi, ba wanda ya iya gaya masa. Wata mata ta sa tabaraun da ya yi mata, matakala ta yi mata gizo, ta faɗo ta karye a ƙugu, ba ta sake tafiya daidai ba. Ka gaya mini kai ka ga alamun tun da wuri, kunya ta hana ka magana, kuma abin bai taɓa barinka ba. Don haka a shekarata ta farko a shago ka kafa mana doka. Duk shekara, a makon farko na watan Mayu, ranar da sama ta yi garau, za mu hau rufi mu biyu. Za ka duba Mai Goyo da tabaraunka a fuska, ka gaya mini ta wane gefe goyon yake, ni kuma in duba in tabbatar. Ka ce, "Ranar da na kasa ganinta, ki miƙo hannu in ba ki makulli. Kada ki ji kunyata. Na zaɓe ki ne don na san ko Inna ce ta tashi daga kabari ba za ki yi mata shaidar ƙarya ba." Na ce na yarda. Ka sa na maimaita.

Sau goma sha takwas muka hau, sau goma sha takwas ka gan ta. Kullum in ka faɗa sai ka juyo kana murmushi ka ce, "Alƙaliya, an wanke ni?" Ni kuma in ce, "An wanke ka, sai baɗi."

Ciwon suga ya yi shekara tara a jikinka, kuma ka fi kowa sanin irin ɓarnar da yake yi a can bayan ido, inda tabarau ba ya kaiwa. Bara tun farkon shekara na fara ganin abubuwa. Kana kai gilashi har bakin hancinka. Kana daɗewa a kan na'ura. Wani lokaci ka ce, "Zo ki karanta mini lambar nan in ga ko kin iya," ni da na yi shekara da shekaru ina karanta ta. Na gani, na ce a raina bari Mayu ya zo, sama za ta raba mu, ba sai na buɗe baki ba.

Ranar shida ga Mayu muka hau. Da muka fara taka matakala sama garau take. Amma ka tsaya sau biyu kana mayar da numfashi, kafin mu kai bayan tanki wani siririn gajimare ya taso ya kwanta a kan hannun ludayin. Ni da idona lafiya lau, ko uwar ban gani ba, balle goyon. Na buɗe baki zan ce mu jira ya wuce, sai na ga ka riga ka ɗaga fuska. Ka tsura wa sama ido kamar yadda ka saba. Sannan ka miƙa yatsa ka ce, "Ga ta can. Ta dama, ta ɗan yi ƙasa. Yau ma ta fito da kyau."

Daidai ka faɗa, Yaya. A wannan wata, a wannan lokaci, nan take zama. Shekara arba'in kana kallonta, ko a cikin rijiya aka saka ka za ka faɗi inda take. Amma babu abin da ke wurin ranar sai gajimare, kai kuwa ko gajimaren ba ka gani ba.

Ka juyo ka ce, "An wanke ni?"

Ɗayan hannunka yana kan ƙarfen tanki. Igiyar makullin tana leƙowa daga aljihunka. Na tuna ranar da ka tsaya a ƙofar ɗakina. Na tuna duk wanda na sani da aka zaunar a gida, yadda yake narkewa cikin wata kaɗan. Na ce, "An wanke ka."

Ban ce sai baɗi ba. Kai ma ba ka tambaye ni dalili ba. Muka sauko, kana gaba kana lalubar bango, ina bayanka.

Tun ina 'yar shekara tara a gaban allo na san nauyin shaidar zur. Ba jahilci ne ya sa ni ba, tausayi ne, kuma na gane tun a daren cewa tausayin da na yi maka da idon wasu na yi shi. Na yi ta istigfari, amma na san tuban da ya shafi haƙƙin mutane ba ya cika da baki kaɗai. Sai na koma bin aikinka a ɓoye. In ka fita salla in ɗauko gilashin da ka ɗiga in sake aunawa, in na ga ya goce in goge in gyara. Na ɗauka ina toshe ƙofar. Amma ba kullum nake nan ba. A ƙarshen Agusta 'yata ta haihu da wahala, na yi sati uku a wurinta. Akwai kuma ranakun da ka gama aiki ka miƙa wa mai shi kafin in juyo.

Ranar biyar ga Janairu ka faɗi a shago, gefen jikinka ya mutu. A kwana na takwas a asibiti bakinka ya ɗan saki. Matarka ta fita alwala, ni kaɗai ce a gefen gado ina shafa maka ruwa a leɓe. Ka kira ni da sunan nan, da ƙyar yake fita.

Ka ce, "Ranar nan... akwai gajimare ko?"

Na ce, "Akwai, Yaya."

"Na ji sanyinsa a fuska. Bayan na riga na faɗa." Ka huta. "Kika ƙyale ni."

"Na ƙyale ka."

"To mu biyu ne." Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi, na goge. Ka ce, "Littafi. Daga Mayu. Ki nemo su."

Na yi maka alkawari. Amma zan faɗi gaskiya, a raina na ɗauka ba za a sami komai ba, tunda wata takwas babu wanda ya dawo da ƙorafi. Kwana uku bayan nan ka tafi.

A kwana na huɗu da rasuwarka wata mai ɗinki ta zo mana gaisuwa a gida. Da za ta fita na ga tana lalubar dokin ƙofa da ƙafa kamar mai shiga ruwa. Na bi ta na tambaye ta lafiya. Ta ce, "Wallahi Gwaggo, tun da na karɓi tabaraun nan ƙasa take karkace mini, kaina kuma yana sarawa in na daɗe a kan keke. Na ce idona ne bai saba ba. Ai aikin Mai Tabarau ba ya kuskure." Wata biyar tana ɗinki a haka, ta soke yatsa ba adadi, ba ta dawo ba saboda ta yarda da kai fiye da yadda ta yarda da idonta. Na karɓi tabaraun, na buɗe shago a ranar, na ɗora a na'ura. Gilashin dama yana hagu, na hagu yana dama.

A nan na gane shirun mutane ba shaidar lafiya ba ne. Sunanka ne ya rufe musu baki.

Daga shida ga Mayu zuwa ranar da ka faɗi, tabarau arba'in da shida ne a littafi. Ni da 'ya'yanka da mai gyaran agogo, wanda ya san fuskar duk mai wucewa ta layin, muka shiga nema. Mun samo arba'in da ɗaya. Talatin lafiya lau suke, aikinka na da, tsaf. Goma sha ɗaya akwai kuskure, wani kaɗan, wani mai yawa. Abokin aikinka da ke gwajin ido a asibiti yana zuwa duk Asabar ya zauna a kujerarka, shi ya sake musu, bai yarda an yi masa ko godiya ba. Na gaya wa kowannensu abin da ya faru ba ragi, na roƙe su su yafe maka. Goma sun yafe tun ban rufe baki ba. Ɗaya, wani mai aikin lantarki da ya kusa faɗowa daga tsani, ya faɗi maganganu masu zafi a tsakiyar shago, kuma yana da gaskiya, ban tare shi ba. Bayan kwana biyu ya dawo ya tsaya a bakin taga ya ce, "Hajiya, na yafe wa tsohon. Ke ce dai ban gama da ke ba." Na ce na karɓa.

Saura biyar, ciki har da wani direba. Mun bi duk inda muka sani, ba mu same su ba. Da na ce zan rubuta a karanta, babbar 'yarka ta ƙi. Ta ce, "Gwaggo, mutum ya yi shekara arba'in yana gyara wa jama'a ido, sai a tuna shi da wata takwas? Wa ya ce ki tona masa asiri yana kwance?" Ni ma abin da ke hana ni barci ke nan. An hore mu da suturta mamaci da ambaton alherinsa. Sai matarka, wadda tun rasuwar ba ta haɗa jimla biyu ba, ta ɗago kai daga carbinta.

Ta ce, "Direban nan da kuke nema, yara yake ɗauka ko?"

Na ce, "Yara."

Ta ce, "To me ake jira? Ki rubuta. In zagi ne a haɗa da ni. Ni nake ɗiga masa magani a ido kullum da asuba, ni nake jera masa takalmi inda ƙafarsa za ta same su. Na riga ki sanin ba ya gani, ban hana shi fita ba."

'Yarka ta yi kuka mai yawa. Da ta share ido ita ta ɗauki littafin ta kwafe mini mutum biyar ɗin da kyakkyawan rubutunta. Ga su kamar yadda ka rubuta su.

Akwai "mai walda, yatsa huɗu a hagu," a tsakiyar Yuni. Akwai "tsoho mai sanda, jikarsa ta kawo shi, yana son shuɗi," a Yuli. Akwai "baƙuwa mai sauri, za ta hau mota," a Oktoba, wadda nake jin ba a kusa take ba, sai dai in wani ya san 'yar'uwarsa da ta zo ziyara ta koma da sabon tabarau. Akwai "mai ba da magani, ƙaramar murya," a farkon Satumba, wadda na fahimci a kantin magani take aiki, tana karanta ƙananan rubutun jikin kwalba tana miƙa wa marasa lafiya. Sai wanda ya fi tsaya mini a rai: "direban motar 'yan makaranta, tsinke a baki," ranar ashirin da tara ga Agusta. Shi da mai maganin duk a satin da ba na nan aka yi nasu, idona bai taɓa sauka a kan gilashinsu ba. Mun je makaranta shida muna tambaya, ba a gane shi ba. Mai yiwuwa nasu duka lafiya lau ne. Mai yiwuwa ba haka ba. Ba ni da hanyar sani sai na ɗora su a na'ura.

Yaya, ka yafe mini da na faɗi wannan a bainar jama'a, kai ka sa ni, kuma na riga na saɓa maka sau ɗaya. Ina shaida a gaban Allah, kuma wannan karon da abin da idona ya gani nake shaida, cewa kai mutumin kirki ne, mai tsoron haƙƙin mutane, mai sauƙin kai, mai riƙe zumunci. Ka ɗauke ni lokacin da na zube. Ka aurar da 'ya'yana kamar naka. Dubban mutane suna karatu, suna ɗinki, suna gane fuskar jikokinsu ta dalilin hannunka. Rauni ya same ka sau ɗaya a kan rufi, ka kuma yi nadamarsa da sauran numfashin da ya rage maka.

Ya Allah Ka jiƙan yayana, Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka sauke masa nauyin duk wanda tabaraunsa ya cutar, Ka ɗora wa zukatansu yafiya. Ka haɗa shi da Inna da Baba a gidan rahama. Ni ma da na ba da shaidar, Ka yafe mini, Ka sa in cika da imani in tawa ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, abokiyar zamansa ta shekara arba'in da ɗaya, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika nuna. Ga 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, Allah Ya zama gatanku, Ya sa ku gaji halinsa. Ga maƙwabtansa na layi da abokan sana'arsa da duk wanda ya taka zuwa jana'iza ko ya aiko da gaisuwa, Allah Ya saka da alheri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ku kuma da kuka daure kuka kawo nan, ga roƙona. In ka gane kanka a cikin biyar ɗin nan, ko ka gane maƙwabcinka, ko mijinki, ko mai kai 'ya'yanku makaranta, kada a tsaya jin nauyi, kada kuma a ce ai tabaraun bai dame ni ba. Shagon yana buɗe kullum daga ƙarfe takwas har la'asar, ina ciki, lambar wayata tana manne a jikin ƙofa. Dubawar ba ta kai minti biyar ba. Mai ba da magani, ki sa wani ya riƙa karanta miki kwalba har ki zo. Direba, in kai ne kake karantawa ko aka karanta maka, don girman Allah kada ka tayar da motar nan gobe da safe sai ka biyo ta wurina.

Ko ba ku da tabbas, ku aiko da abin da kuka sani. Ina jiran amsarku, don Allah ku ba ni ita da wuri.